Hankici: Kalmar da Ta Sauko Daga Ka Zuwa Aljihu

Kalmar Turanci "handkerchief", wadda Hausa ta ara ta mai da ita hankici, idan aka warware ta gaɓa-gaɓa abin da take cewa shi ne "abin rufe kai na hannu". Maganar ba ta kama hankali, domin ba don ɗaurawa a ka ake yin hankici ba. Amma kowane ɓangare na kalmar yana da lokacin da ya shigo, kuma a lokacin nasa yana da ma'ana sarai.

Tushen yana Faransa. A tsohon Faransanci akwai kalmar "couvrechief", haɗin kalmomi biyu: "couvrir", wato rufewa, da "chief", wato kai, wadda ita kuma ta samo asali daga "caput" ta Latin. Ƙyalle ne da mata suke rufe kansu da shi, kusan abin da muke kira kallabi ko ɗankwali. Bayan da William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da gidajen masu hali na tsawon ƙarnuka, kuma kalmomin sutura da abinci masu yawa suka kwararo cikin Turanci ta wannan ƙofa. Wajen shekarar 1300 kalmar ta riga ta zauna a Ingila. Bakin Ingilishi ya tauna ta, ya rage mata tsawo, ta koma "kerchief".

Nan ne abin ya faru. Bafaranshe idan ya ji kalmar yana jin rufi yana jin kai a cikinta. Ba'ingilishe kuwa ba ya jin komai sai sauti guda. "Ker" ba ta nufin komai a harshensa, "chief" kuma ya san ta ne da ma'anar shugaba, ba ƙoƙon kai ba. Da ma'anar ɓangarorin ta dushe, sai kalmar ta kwance daga turkenta, ta zama sunan kowane ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, ko a ka yake ko a wani wuri. Wanda ake ɗaurawa a wuya aka kira shi "neckerchief". Wanda ake riƙewa a hannu don share gumi ko hawaye ko majina, a ƙarni na 16 aka manna masa "hand", aka sami "handkerchief". Ba su tsaya nan ba. Da aka koma cusa shi cikin aljihu, sai ga "pocket handkerchief", wato abin rufe kai na hannu na aljihu, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki.

'Yan'uwan kalmar suna nan kusa da mu, ko da ba mu lura ba. "Curfew", dokar hana fita da ake sanyawa lokacin tarzoma, daga "couvre-feu" take, wato rufe wuta: ƙararrawa ce da ake kaɗawa da dare a garuruwan Turai na da, domin kowa ya rufe murhunsa saboda gobara. Ita kuma "chief" ɗin ƙarshen kalmar, ita ce dai "cif" ɗin da muke ji a Cif Joji.

A zamanin da aka ƙera kalmar "handkerchief", hankici kayan alfarma ne. Na masu kuɗi da lilin mai laushi ko siliki ake yin sa, a yi masa surfani da leshi a gefe, wani lokaci a fesa masa turare. Kyauta ce tsakanin masoya, kuma wanda ya karɓa ya san ba ƙyalle kawai aka ba shi ba. Shakespeare ya gina wasansa Othello, wanda ya rubuta wajen 1603, a kan wannan al'ada. Othello ya ba matarsa Desdemona hankici mai zanen 'ya'yan itacen strawberry. Ya faɗi daga hannunta, wata mata mai suna Emilia ta tsinta ta ba mijinta Iago, shi kuma ya ajiye shi a ɗakin wani mai suna Cassio don ya zama shaidar cin amanar da ba a yi ba tsakaninsa da Desdemona. A kan wannan ɗan ƙyalle Othello ya kashe matarsa. Mai karatu na yau yana iya ganin dalilin ya yi ƙanƙanta, amma 'yan kallo na wancan lokaci sun san nauyin irin wannan kyauta.

Darajar ta sauka da masaƙun auduga suka sa shi ya yi arha, har ya kai aljihun kowa. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka gutsure sunan ya koma "hanky". Sai kuma takarda ta shigo: kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fito da Kleenex a 1924 don mata su riƙa goge man kwalliya daga fuska, amma da ya lura jama'a hancinsu suke fyacewa da ita, a 1930 ya fara tallata ta a matsayin hankicin da ake yarwa bayan amfani.

Yadda Hausa ta karɓi kalmar yana nuna cewa da kunne aka are ta, ba daga takarda ba. Su kansu Turawa ba sa furta harafin "d" da ke rubuce a ciki, "hankacif" suke cewa. Bahaushe ya ji haka, ya yar da "f" ɗin ƙarshe domin kalmominsa sun fi son ƙarewa da wasali, ya daidaita sauran ya ce hankici. Hannun, da rufin, da kan, duk sun narke cikin gaɓoɓi uku, kuma mai talla a tasha da yake ɗaga su dozin-dozin lokacin zafin bazara, share gumi kawai yake sayarwa.