Gwajin ƴan ƙwallo na kuɗi: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka biya wa ɗanka

Da zarar an shiga babban hutu a Yamai, sai sanarwa ta fara yawo a WhatsApp da Facebook, daga nan ta faɗa fada-fadar matasa: za a yi gwajin ƴan ƙwallo, masu farautar ƴan wasa za su zo daga waje, wanda aka zaɓa zai tafi Turai, ko Maroko, ko ƙasashen Larabawa. A ƙasan sanarwar akwai kuɗin rajista da lambar da za a tura su. A Talladjé, unguwar da ke kan hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, kusan kowane fili da kowace farfajiyar makaranta na cika da yara masu buga ƙwallo bayan la'asar, don haka irin wannan sanarwa ba ta rasa masu karɓa. Tambayar da ke faɗawa kan uba ko uwa ita ce: a biya, ko kar a biya?

Me ake sayarwa a irin wannan gwaji?

Ba horo ake sayarwa ba, domin yini ɗaya ko biyu ba ya ƙara wa yaro komai a ƙafa. Abin da ake sayarwa shi ne damar a gan shi. Ana tara yara da yawa, a ba kowa riga mai lamba, a raba su ƙungiya-ƙungiya, su buga gajerun wasanni. Yaron da bai taɓa wasa da abokan da aka haɗa shi da su ba, kowa kuma ya zo ne don ya nuna kansa, da wuya ya samu mai ba shi ƙwallo. Mai yanka da mai gudu su ke ɗaukar ido. Mai tsaron baya da ya iya tsayuwa inda ya dace, ko ɗan tsakiya mai sakin ƙwallo da wuri, sai a tashi ba a san ya zo ba, alhali irinsu ne koci ke nema.

Ka kuma yi lissafin ta ɓangaren mai shirya taron. A ce yara 300 suka biya jika 5 kowannensu. Miliyan ɗaya da rabi ke nan na sefa. Ya biya fili, ya sayi ruwa, ya sallami alƙalan wasa, saura nasa ne, ko an ɗauki yaro ko ba a ɗauka ba. Wannan bai sa shi zama ɓarawo ba, amma ya nuna cewa ribarsa na cikin yawan masu rajista, ba cikin makomar ɗanka ba.

Daga ina tsarin ya samo ƙarfi?

A Amurka wannan sana'a ce babba, musamman a wasan besbol na ƴan sakandare. Kamfanoni irin su Perfect Game, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1995, suna shirya tarukan da iyaye ke biyan ɗaruruwan daloli: a auna gudun yaro a yadi 60, a auna ƙarfin jifarsa da na bugunsa, a saka alƙaluman a intanet don masu horarwa na jami'o'i su duba. Duk da haka iyayen can ba su daina gardama kan ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu ba, domin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da kanta ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na ƴan wasan sakandare ke samun tallafin karatu ta hanyar wasa.

To can ma ke nan, inda akwai ɗaruruwan jami'o'i masu ƙungiyoyi a cikin ƙasa ɗaya, babu biza, babu iyaka, kuma wanda bai zama ƙwararre ba yana iya fita da digiri. Yaron Talladjé ba jami'a ake yi masa alkawari ba. Kwantiragi ake yi masa alkawari a wata ƙasa, kuma a nan doka ta tsaya a gaba.

Dokar shekara 18

Wannan doka ita ce abin da yawancin iyaye ba su sani ba, kuma masu sanarwa ba sa faɗa. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan cinikin ƴan wasa ya hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa kulob ɗin wata ƙasa. Akwai ƴan togaciya: idan iyayen yaron sun ƙaura don wani dalili da ba na ƙwallo ba, idan cikin Tarayyar Turai ne kuma yaron ya kai 16, idan gidansu da kulob ɗin duk suna cikin kilomita 50 daga iyaka, sai batun ƴan gudun hijira da ɗaliban musaya. Babu ɗaya daga ciki da ta shafi yaro ɗan shekara 15 da iyayensa ke zaune a Yamai. Kuma dokar na cizo: an hukunta Barcelona a kanta a 2014, Real Madrid da Atlético Madrid a 2016, Chelsea a 2019.

Ahmed Musa ya zama gwarzon mai cin ƙwallaye a gasar Najeriya da Kano Pillars da ƙwallo 18, kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya saye shi a 2010, amma dole aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya taka musu leda. Idan wanda duk Najeriya ta gani ya jira, wane ne zai tsallaka da ɗanka ɗan aji uku na sakandare? Wanda ya ce zai iya, ko dai bai san dokar ba, ko ya shirya kai yaron ta bayan fage. Ta bayan fagen ce ke ƙarewa da yara a tashoshin Turai da Arewacin Afirka ba kulob, ba takardun zama, kunya kuma ta hana su komowa. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Laberiya, wasu ƴan shekara 14, zuwa wani kulob a ƙasar Laos da sunan makarantar ƙwallo.

Akwai kuma batun biza. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Duk mai cewa zai kai yaro gwaji Faransa nan da wata ɗaya, a tambaye shi a wane gari za a nemi bizar, da takardar gayyatar wane kulob.

Wa ya kamata ya biya?

Gwaji na gaskiya a kulob na waje yana da ƙa'ida a rubuce. Dokokin FIFA sun ce kulob ɗin da ya gayyaci ɗan wasa zai cike takardar gwaji ya shigar da ita, gwajin mai shekara 21 zuwa ƙasa ba zai wuce mako 8 a kaka ɗaya ba, an kuma haramta neman kuɗi ko karɓarsu saboda gwajin. Ga ƙaramin yaro sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma ba kafin kakar da zai cika 16 ba. Tun 2023 kuma FIFA ta komo da lasisin dillalan ƴan wasa, wanda ake samu da jarrabawa, sunayen masu shi na nan a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa da waya.

Manyan makarantun da suka fitar da taurari a yankinmu su ke kashe kuɗi wajen neman yara. Right to Dream ta Gana, wadda aka kafa a 1999, ta ɗauko Mohammed Kudus daga unguwar Nima ta Accra, inda Hausa ke tashi kamar a Zongon Yamai, ta riƙe shi da karatu da horo har ya fara buga wa Nordsjælland ta Denmak a 2018 yana ɗan shekara 18, daga nan Ajax a 2020. Génération Foot ta Senegal, mai hulɗa da Metz ta Faransa, ta wannan ƙofa Sadio Mané da Ismaïla Sarr suka fita. Shirin Aspire na Katar da ya fara a 2007 ya gwada ɗaruruwan dubban yara ƴan shekara 13 a ƙasashen Afirka kyauta, waɗanda ya ɗauka kuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da yawan waɗanda suka zo. Kyauta ma ke nan ƙofar ƙarama ce.

Ta ina ƴan Nijar da suka fita suka bi?

Ta kulob da gasa. Moussa Maâzou ya buga wa AS FAN ta sojoji kafin Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008, CSKA Mosko kuma ta saye shi a 2009. Amadou Moutari ya fito daga Akokana ta Arlit, ya kai har Ferencváros ta Hangari. Victorien Adebayor ya bi ta AS Douanes da Inter Allies ta Gana, ya kuma haskaka da ƙungiyar jandarmomi ta USGN lokacin da ta shiga rukunin gasar Confederation ta Afirka a 2022. Shekaru da dama Cotonsport ta Garwa a Kamaru ta kasance matattarar ƴan Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, ciki har da mai tsaron gida Kassaly Daouda. Matakin farko sau da yawa ba Turai ba ne, maƙwabta ne.

Bajekolin gaske kuwa su ne wasannin da masu farauta ke zuwa da kuɗin aljihunsu: gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 da Nijar ta karɓa a 2015, ta ƴan ƙasa da 20 a Yamai da Maradi a 2019, Kofin Duniya na ƴan ƙasa da 17 a Indiya a 2017 inda yaranmu suka kai zagaye na biyu, da gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida a Aljeriya a farkon 2023 inda Mena ta gida ta zo ta huɗu. Babu yaron da ya sayi tikitin shiga waɗannan. An zaɓo su ne daga ƙungiyoyi masu rajista.

Lasisi da takardar haihuwa

Lasisin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ya fi hoton yaro da wani Bature a bakin fili amfani. Shi ke rubuta tarihin ɗan wasa, kuma da shi ne kulob ɗin da ya rene shi tsakanin shekara 12 da 23 ke samun rabonsa daga kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa zuwa wata ƙasa. Wannan ne ke sa kulob mai rajista ya damu da yaro na tsawon shekaru.

Rage shekaru kuwa, kar a fara. An kori Nijar daga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a Aljeriya a 2009 saboda shekarun ɗan wasa, bayan ta riga ta samu gurbin kusa da na ƙarshe. Tun wannan shekarar ake duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, kuma takardar da aka gyara a yau ita ce za ta kama yaro a lokacin da ya fi buƙatar ta.

To, yaushe gwaji ke da amfani?

Idan kulob ko makarantar da ka san filinta da kocinta ce ta shirya shi don cike gurbi a ƙungiyarta, a je, ko da an nemi ɗan abin ruwa. Idan kuɗin ƙanƙani ne, a cikin gari ake yi, yaron kuma ya riga ya fi tsaransa a gasar unguwa, babu laifi ya je ya gwada kansa da waɗanda bai sani ba. A ɗauki kuɗin kamar na kallon wasa, kar a ɗauke shi jari. Ni dai a ganina jikunan sun fi amfani a takalmi mai kyau, da abinci, da biyan wani ya ɗauki cikakkun wasanni biyu ko uku na yaron a bidiyo, ba gutsattsarin yanka kaɗai ba.

Idan kuwa bayan gwajin aka kira ka aka ce an zaɓi ɗanka, sai a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi, to a tsaya nan. Kar a sayar da fili, kar a taɓa kuɗin adashin uwarsa, kar a cire shi daga makaranta ana gab da jarrabawar BEPC. Ka nemi sunan kulob ɗin da ya gayyace shi, da takardar gayyata, da lambar lasisin dillalin, ka kai su ofishin FENIFOOT a tantance maka kafin ka fitar da ko dala.