Wace Ce Mai Kallon Gefe?

Ƙulun-ƙulufita. Tana sanye da takalmi, amma ba wanda ya taɓa saka mata shi. Tana da 'yan kunne, amma kunnenta ba huji. Fuskarta kusan duk duniya an santa, amma ko ka juya ta gaba da baya ba za ka ga sunanta a jikinta ba. Wace ce?

Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu. Zo mu ɗora ta a kan tebur mu dube ta tare.

'Yar tsana ce ta roba, tsawonta santimita 30. Ba irin mai siffar jariri ba ce da yara ke goyawa. Siffar budurwa gare ta, mai siririn ƙugu da dogayen ƙafafu, irin waɗanda ake ɗinka wa tufafin yayi ana sauya musu. Gashinta ruwan zinare, an tattara shi an ɗaure ta ƙeya. Leɓe ja, farce ja, gira siririya a ɗage. Idanun kuwa ba sa kallonka. Gefe suke kallo, kamar ta jiyo ana gulmarta a bayan ɗaki. A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da suka mayar da tara irin waɗannan tsofaffin 'yan tsana abin sha'awa da sana'a, da dillalansu da wuraren gwanjonsu da littattafan tantancewa. A wurinsu ɗigon fenti a ido kan raba mai arha da mai tsadar gaske. Wannan tamu kuwa akwai wani abu a ƙasan ƙafarta da zai sa gaban kowane dillali ya faɗi.

Rami ne. Ɗan ƙarami.

Duk wanda ya san harkar, da ganin ramin nan suna ɗaya zai faɗo masa: Barbie ta farko. Kamfanin Mattel ya fito da ita a bajekolin kayan wasa na birnin New York ranar 9 ga Maris 1959, cikin rigar wanka mai ratsin baƙi da fari, a kan dala 3. A Japan aka ƙera ta. Waɗanda aka fara yi, da masu tarawa ke kira Lamba Ɗaya, suna da rami a kowace ƙafa, an zura ɗan bututun jan ƙarfe a ciki, don a kafa su a kan wani faifai mai tsinke biyu su tsaya. Ba a jima ba aka daina ramin, aka koma tallafe ta da waya, wannan ce Lamba Biyu. A Lamba Uku, ta 1960, aka sa wa ido shuɗi, aka lanƙwasa girar da a da take da tsini. To ga rami, ga ɗagaggiyar gira, ga kallon gefe. A 2006 an yi gwanjon wata Lamba Ɗaya da ba a taɓa wasa da ita ba a kan dala 27,450. Mun tsinci dami a kala ke nan?

Bari mu leƙa ramin. Babu jan ƙarfe. Mu duba tafin ƙafa, inda ake buga sunan Japan a jikin Barbie ta wancan zamani. Babu ma tafin ƙafar, baƙin takalmi ne, kuma ba ya fita. Barbie tun ranar farko da 'yan yatsunta ta zo, takalminta a saka a cire ne. Mu juya ta. A mazaunin Barbie ta farko akwai rubutun da ya fito tun daga zubi: sunanta, sunan Mattel, da MCMLVIII, wato 1958 a lissafin Rumawa. Tamu fa? Sumul. Ko harafi ɗaya babu. Mu ƙwanƙwasa ta da farce. Barbie ta farko cike take, roba ce mai nauyi, ba ta amsawa. Wannan ta ce ƙwas. Busasshiyar roba ce mai tauri, cikinta fanko.

Ba ita ba ce.

Tunda maganar rubutun jiki ta taso, bari in ratse in yi wani gargaɗi, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutane da yawa sun juya 'yar tsana sun ga 1966 a bayanta, sun ɗauka tsohuwar dukiya ce ta faɗo hannunsu. Ko a cikin kayan wasan da ke zuwa mana a dilolin gwanjo kana iya cin karo da irinta. Wannan lamba ba shekarar haihuwa ba ce. Shekarar da Mattel ya yi rajistar gangar jiki mai juya ƙugu ce, wadda ta shiga kasuwa a 1967, kuma an ci gaba da zuba wannan jiki da lambarsa har shekara talatin da ɗoriya. Sunan ƙasar da ke kusa da lambar shi ke faɗin gaskiya. In Japan ce, to daga 1972 zuwa baya aka yi ta. In Malesiya ce ko Sin, tsufanta bai wuce shekarun 1980 ba. Indunusiya kuwa sai shekarun 1990. Ido ma yana ba da shaida, domin a 1971 ne Barbie ta daina kallon gefe ta fuskanci mai kallonta. Tamu dai ba ta da lambar da za ta yaudare mu da ita. Shiru ta yi mana, kuma shirun ya fi wahalar warwarewa.

Zato na biyu. Ko sabuwa ce aka yi da kamannin tsohuwa? Mattel da kansa ya yi haka a 1994, da Barbie ta cika shekara 35, ya kuma a 2009 da ta cika 50. Sukan ruɗi sabon shiga, musamman in an raba su da kwalinsu sun sha ƙura. Sai dai kamfani ba ya sakin kayansa ba tambari, kuma irin waɗannan suna ɗauke da sunan Mattel da ƙasar da aka yi su. Ga kuma gashi. Na Barbie mai ɗaurin ƙeya, tsohuwa ko sabuwa, dasa shi ake yi da allurar inji cikin fatar kai mai laushi, in ka buɗa za ka ga huji a jere. Mu buɗa na wannan a hankali. Babu huji. Tsaga ce. Ta zagaye kan. Wani yanki ne daban na ƙoƙon kai aka kifa, ya danne bakin gashin.

Mu ja hannunta. Kaɗan fa. Ya biyo mu. Mun saki, ya koma da kansa. Akwai igiyar roba a ciki, ita ta riƙe gaɓoɓin. Mattel bai haɗa Barbie ta farko, ko sabuwar da ya yi da kamanninta, ta haka ba.

Zato na uku, kuma shi ne mai ƙarfi: jabu ce. A farkon shekarun 1960 masana'antun Hong Kong sun cika kasuwannin duniya da masu wannan kama, na arha, na busasshiyar roba, wasu da takalmin fenti, wasu da igiya a ciki, da yawa ba sunan kamfani. Komai ya yi daidai. Dillali mai gaggawa a nan zai tsaya, ya jefa ta kwandon tarkace, ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa.

Ni ban gamsu ba tukuna. Dubi fentin fuskar nan. An ja girar tashi ɗaya, hannu bai yi rawa ba. Jan leɓen bai ƙetare iyakarsa ba. Gashin ido ma tun a zubi aka fitar da tudunsa, sannan aka bi shi da baƙi. Shafa gefen ƙafa, inda ɓari biyu na roba suka haɗu: an goge, ba kaifi. Mai yin jabu sauri yake yi, ba ya ɓata lokaci a inda ido ba ya zuwa. Kuma da yawa daga na Hong Kong sukan faɗi garinsu a gadon baya, ko da sun ɓoye kamfani. Wannan aikin gwani ne da ke ji da kansa. To me ya hana shi sa suna?

Saura wuri ɗaya. Rigar.

Juya cikinta waje. Ɗinki tsaf. Ga ɗan mitsitsin maɓalli na ƙarfe, irin mai ɗanawa. Miƙo gilashin ƙara girma. Akwai rubutu. Haruffa huɗu.

PRYM.

Prym tsohon kamfani ne na Jamus, a garin Stolberg kusa da Aachen, wanda ya yi suna wajen allura da maɓallai. Ashe tun ɗazu gabas muke nema, amsar tana Turai. A Jamus kuwa 'yar tsana ɗaya ce tal mai wannan fuska. Sunanta Bild Lilli, kuma ta girmi Barbie da shekara huɗu. Wadda muka kusa jefawa kwandon jabu, ita aka kalla aka yi Barbie.

A kan takarda Lilli ta fara rayuwa. A 1952, da jaridar Bild ta fara fitowa a Hamburg, mai zane Reinhard Beuthien ya ƙirƙiro wata budurwa 'yar birni, sakatariya, mai kaifin baki da son ado. Masu karatu suka so ta, zanen ya zauna a jaridar. A 1955 aka mayar da ita 'yar tsana. Max Weissbrodt ne ya fitar da siffarta, kamfanin Hausser na garin Neustadt kusa da Coburg ya ƙera ta, babba mai santimita 30 da ƙarama mai 19. Babbar mak 12 ce a kuɗin Jamus na lokacin, ba abin da ake saya wa yaro ya karya ba. Da farko ma ba don yara aka yi ta ba, manya ke sayenta a shagunan taba da mashaya suna ba juna kyautar raha. Daga baya yara mata suka karɓe ta, aka riƙa sayar da tufafinta daban.

Yanzu bi kacici-kacicin nan ɗaya bayan ɗaya ka sha daɗi. Takalmin da ba a saka mata ba, tare da ƙafar aka zuba shi aka shafa masa baƙi. 'Yan kunnen ma haka, kuma wannan ya tsare ta daga ciwon da ke damun tsofaffin Barbie, inda ƙarfen ɗan kunne ke sa kunne da kunci su yi kore. Tsagar nan ta kai, wata ƙusa mai murɗawa ce ɓoye a ƙarƙashin gashi ta riƙe yankin, dabarar da Hausser ya yi wa rajista. Dubi goshinta ma, wanda tun farko yake gabanmu: Barbie ta farko tarin nannaɗaɗɗen gashi ne a goshinta, Lilli kuwa lanƙwasa ɗaya ce ta sauko. Sunan fa? Yana nan, a jiki ne kawai ba a sa shi ba. An rubuta shi a kan faifan da take tsayawa a kai, wanda tsinkensa ke shiga ramin ƙafar. Sannan kowace Lilli takan zo da 'yar ƙaramar jaridar Bild a cikin bututun roba garai-garai da ake sayar da ita a ciki. In faifai ya ɓata, jarida ta yage, shi ke nan ta rasa mai yi mata shaida. Abin da ya sa ake yawan zaluntarta a kasuwa ke nan, kuma yana ba ni takaici.

To yaya aka yi fuskar Jamus ta ƙetare teku? A 1956 Ruth Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Mattel, ta je Suwizalan hutu da iyalinta. Ta daɗe tana so a yi wa yara mata 'yar tsana mai siffar babbar mace, saboda ta ga yadda 'yarta Barbara ke wasa da na takarda, amma mazan kamfanin ba su ba ta goyon baya ba. Sai ga Lilli a tagar wani shago. Ta saya ta kai Kalifoniya. Aka sauya irin robar, aka dasa gashi, aka yi wa ƙafa yatsu, aka huda kunne, aka raɗa mata sunan Barbara a taƙaice. Kallon gefe da ɗaurin ƙeya da ramin ƙafa duk suka biyo ta. Ba tauye wa Handler haƙƙi nake yi ba: ita ta hango cewa babbar kasuwa tana wurin yara, riba kuma tana cikin tufafi. Amma asalin fuskar nan daga Neustadt ya fito, kuma ya kamata a riƙa faɗa.

Zatonmu na uku ma bai yi nisa da gaskiya ba. Kamfanin Louis Marx na Amurka ya sami lasisin Lilli, aka riƙa ƙera irinta a Hong Kong, wasu kuma suka kwaikwaya ba izini. Ke nan waɗancan masu takalmin fenti jikokin Lilli ne, kuma wasunsu sun ɗauko kamarta ƙwarai. Shi ya sa gwanin tantancewa ba ya yanke hukunci da maɓalli kaɗai, don riga ana cire ta a saka wa wata. Sai shaidu sun taru: kyawun fenti, tsabtar haɗin roba, bayan da ba rubutu, ƙusar kai, sannan maɓalli ya zo ya cike. In kuma ka yi zargin Lilli ce a hannunka, kada ka wanke mata fuska, kada ka kwance ƙusar, kada ka ja gaɓa da ƙarfi. Igiyar da ta haura shekara 60 tsinkewa take yi, robar kuma tsagewa.

A 1961 Marx ya maka Mattel a kotu, yana cewa an kwaikwayi Lilli har da dabarar mahaɗin cinyarta. An sasanta a 1963. A 1964 Mattel ya saye haƙƙin mallakar Lilli a kan dala 21,600, aka tsayar da ƙera ta. A shekara tara da ta yi a kasuwa, kusan guda 130,000 aka yi gaba ɗaya. Barbie ta ninka wannan adadi fiye da sau biyu a shekararta ta farko kaɗai.