FASHIN BAƘI: Shin baƙin mai mai kauri yana warkar da babbar motar da ke shan mai?

A garejojin manyan motoci da ke bakin hanyar Kano zuwa Legas, tun daga Dawanau har Mararrabar Jos da Tafa, akwai shawarar da direba kan ji idan ya zo da kukan motarsa ta fara shan baƙin mai: a juye na ciki, a zuba mata mai kauri. Ba a rasa dalilin karɓuwar wannan shawara ba. Sauke inji aiki ne na kwanaki da kuɗi masu nauyi, juyen mai kuwa ba ya wuce sa'a guda. Tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi a Ƙofar Ruwa da Fanteka da Ladipo, masu motoci da yawa suka koma neman hanyar jinkirta babban gyara.

Tambayar da ta rage ita ce ko wannan dabara tana aiki, da kuma wanda ke ɗaukar asarar ranar da ta gaza.

Yadda mota ke shan mai

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarafan da ke gogar juna a cikin inji, ya rage zafi, ya kwashe dauɗa zuwa matata. Bai kamata ya isa inda dizal ke ƙonewa ba, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Idan ya fara isa can da yawa, galibi ta ɗaya daga ƙofofi uku yake bi.

Ta farko ita ce ringin fistin. Su ne ke share mai daga bangon silinda duk lokacin da fistin ya sauka, kuma idan suka cinye ko bangon ya gurje, man ya kan tsallake sama ya ƙone. Ta biyu ita ce robobin da ke wuyan bawul, waɗanda zafi da tsufa ke busar da su har mai ya riƙa tsiyaya ta jikinsu. Ta uku ita ce tarbo, wadda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan siririn shimfiɗar mai. Da zarar ta lalace, sai ta riƙa tura man cikin bututun iska.

Kowace ƙofa tana da alamarta. Shuɗin hayaƙi da ke fita da safe ya ɗauke bayan ɗan lokaci yana nuni ga robobin bawul. Wanda ke ƙaruwa idan mota ta ɗauki kaya ko ta kama hawa, tare da hucin da ke fita daga bututun numfashin inji, ya fi nuni ga ringi. Baƙin hayaƙi kuwa matsalar dizal ce ko ƙarancin iska, fari mai yawa kuma yana iya nufin ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Abin da lambobin jikin galan ke faɗi

Lambobi irin su 15W-40 da 20W-50 sun fito ne daga ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, harafin kansa kuwa farkon kalmar hunturu ne a Turanci. Lambar ƙarshe tana nuna kaurin man idan ya kai zafin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafi, mai lamba 40 yana da kauri tsakanin 12.5 da 16.3 a ma'aunin santistok, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9.

Lambar ba ta cewa komai game da ingancin mai. Wannan aikin wasu haruffa ne na cibiyar man fetur ta Amurka, API. Waɗanda suka fara da C, kamar CI-4 da CK-4, na injin dizal ne, waɗanda suka fara da S kuma na injin fetur ne. Direban da ya sayi 20W-50 na ƙananan motoci don kaurinsa kawai ya zuba wa injinsa man da ba a haɗa shi don jure toka da baƙin da dizal ke haifarwa ba.

Abin da mai kauri ke iya yi

Kanikawan da ke ba da wannan shawara suna da hujja. Mai kauri ya fi wahalar ratsa ƙaramar ɓaraka, saboda haka a tsohon injin da ringinsa ya fara cinyewa yana iya rage yawan man da ake ƙarawa a kowace tafiya. A wurare irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, littattafan tsofaffin injina da dama sun halatta a hau mataki ɗaya sama. Idan littafin motar ya amince, sauyi daga 15W-40 zuwa 20W-50 na dizal yana iya sayo wa mai mota wasu watanni kafin ya haɗa kuɗin gyara.

Iyakar amfaninsa ke nan. Ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa, busasshiyar roba ba ta yin laushi don an canza galan. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Inda haɗarin yake

Abin da ya fi yaudarar direba shi ne allurar matsin mai da ke gabansa. Bayan an zuba mai kauri takan ɗaga sama, sai a ɗauka inji ya samu lafiya. Abin da allurar ke aunawa shi ne wahalar da famfo ke sha wajen tura man, ba yawan man da ke isa inda ake buƙatarsa ba.

Wannan bambanci ya fi bayyana da asubahi. Lokacin tayar da inji mai sanyi yana cikin lokutan da ƙarafa suka fi cin juna, domin man ya kwana a ƙasa, sai famfo ya ɗaga shi. A sanyin hunturu na Jos ko Zariya, mai kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya isa kan inji da tarbo. Haka kuma matatar mai tana da ƙofar ko-ta-kwana da ke buɗewa idan man ya yi kaurin da ba zai ratsa ta ba, sai ya wuce cikin inji da dauɗarsa. Ga kuma ƙarin dizal da inji ke ci wajen juya man mai nauyi, a lokacin da kuɗin dizal ke cinye kaso mafi girma na kuɗin tafiya.

Mafi muni shi ne idan tarbo ce ke zubar da man. Injin dizal yana iya ƙona baƙin mansa kamar yadda yake ƙona dizal. Idan man da ya taru a bututun iska ya yi yawa, injin kan ɗauki gudu da kansa, ko an zare makulli ba ya mutuwa har sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. Mai kauri ba ya hana wannan, sai dai ya rage hayaƙin da zai gargaɗi direba tun da wuri. A gangara irin ta Hawan Kibo, da tan talatin na kaya a baya, babu wanda zai so ya gano hakan.

Wa ke ɗaukar asarar?

Sau da yawa direba ba shi ne mai motar ba. Mai mota ne ke yanke shawarar jinkirta gyara, direba da yaron motarsa kuma su ke kwana a daji idan inji ya buga. Manomi ko ɗan kasuwar da tumatirinsa ke kan hanyar Mile 12 shi ma yana cikin lissafin, domin kwana biyu a bakin titi sun isa su mayar da kayan gwari shara.

Akwai kuma masu shaƙar hayaƙin. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam. Masu talla a tasha da 'yan acaɓa da yaran gareji ne suka fi kusa da bakin salansa.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta lissafa fitar da hayaƙi fiye da kima cikin laifukan hanya. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal tun 2011. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayayyaki, hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa kuma ita ke ba da lasisin haɗa baƙin mai da sayar da shi. Duk da haka, ana ci gaba da auna mai daga duro zuwa gora a bakin titi, babu lamba babu hatimi, kuma mai saye da yatsa yake gwada kaurinsa. Tambayar da ya kamata a yi wa waɗannan hukumomi ita ce motoci nawa suka gwada, duro nawa suka bincika, kuma a ina aka wallafa sakamakon.

Abin dubawa kafin a canza mai

Akwai gwaje-gwajen da ba su kai kuɗin sauke inji ba. A fara duba ƙasan inda mota ta kwana, domin yoyo daban ne da shan mai. A tabbatar ba a cika man ya wuce alamar sama ta ma'auni ba. A buɗe matatar iska, domin ƙurar hunturu idan ta toshe ta, tarbo kan zuƙo mai daga jikinta, idan kuma ta yage, ƙurar ce ke cinye ringi. A shinshina man, idan yana warin dizal to nozul ne ke tsiyaya yana tsinka shi. A leƙa bututun da ya fito daga tarbo a ga ko ya jiƙe. Daga nan sai a gwada matsin kowace silinda, wanda shi ne zai nuna halin da ringi ke ciki.

Idan duk wannan ya nuna tsufan ringi ne kawai, kuma littafin motar ya yarda, ana iya hawa mataki ɗaya da man dizal mai hatimi, a riƙa rubuta lita nawa ake ƙarawa a kowace tafiya. Ranar da adadin ya sake hawa, wa'adin da man ya sayo ya ƙare, sai a kai motar gareji kafin a yi mata lodi na gaba.