Linux ga Mai Fara Koyo a Daura

Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, wanda Windows ya yi wa tsohuwar kwamfutarsa nauyi, ya kamata ya san cewa tun 1991 Linus Torvalds ya assasa Linux, wani madadin Windows, a Helsinki, aka bar asalin rubutunsa a buɗe tamkar waƙafi, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Abin da ya fi dacewa da mubtadi'i shi ne ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a filashi, ya tayar da na'urar da shi, ya jarraba ba tare da shafe komai ba. Amma kafin ya girka, wajibi ne ya kwafe takardunsa, domin kuskure wajen rabon faifai kan hallaka su baki ɗaya.