Dinkin na Katsina, yadin na Ostiriya: ina saƙi ya shige?

A lokutan biki da hawan Sallah, babbar riga ce ke fayyace matsayin mutum a unguwar GRA ta Katsina. Aikin da ke ƙirjinta, aska biyu ko aska takwas, na Hausa ne tsantsa, telan ma ɗan gari ne. Yadin ne baƙo. Shaddar da ake tinƙaho da ita, Getzner, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, masu rahusar kuwa galibi daga Sin suke zuwa.

Da ba haka abin yake ba. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa a kuma rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Saƙi, ƙyallen da masaƙi ke fitarwa siri-siri a harhaɗa ƙwarya-ƙwarya, shi ne suturar sarakuna, ana yi masa ado da zaren tsamiya. Yau auduga na nan a Funtuwa da Malumfashi, amma masaƙun Kaduna, ciki har da Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun daɗe da durƙushewa.

Ƙasar Filifin ta fuskanci irin wannan matsala, ta kuma bi wata hanya. A can akwai piña, yadi shara-shara da ake saƙawa da zaren ganyen abarba, ana kankare ganyen da hannu, a ƙulla zaren ɗaya bayan ɗaya. Da shi ake ɗinka barong mafi daraja, rigar da shugabannin ƙasar ke sawa a manyan taruka. A 2004 aka kafa doka mai lamba 9242, wadda ta wajabta amfani da yadudduka na gida wajen ɗinka kayan ma'aikatan gwamnati. Aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa, amma manyan masu zana sutura ba su jira ba: sun ɗauki piña zuwa dandalin nuna kaya da rigunan amare, har tsadarsa ta zama abin alfahari. A Disambar 2023 UNESCO ta sa saƙar piña ta lardin Aklan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Nijeriya ma ba ta rasa takarda ba. A Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya buƙaci hukumomin tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu kayayyaki, har da kaki, a kan na gida. A Maris 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa, sannan ya janye hanin a Oktoban 2023.

Sai dai waɗannan matakai masana'anta suka duba, ba masaƙin gargajiya ba. Saƙi ba zai taɓa yin gogayya da yadin Sin a araha ba. Kasuwarsa tana wurin masu iya sayen Getzner, wato kwamishinoni da 'yan majalisa da attajiran GRA. Har yanzu babu dokar da ta sa rigar da gwamna zai sa ranar rantsuwa ta fito daga hannun masaƙin jiharsa.