Fitilar Ferobiskait: An Samu Haske, Saura Tsawon Rai

Duk mai bibiyar mujallun kimiyya a shekaru goman nan ya saba da labari iri ɗaya: wata tawagar masana ta kafa sabon tarihi a ingancin fitilar LED ta ferobiskait, bayan 'yan watanni wata ta zarce ta da kashi ɗaya ko biyu. Ina karanta waɗannan rahotanni, ina kuma kai su aji ga ɗalibaina. Amma a ganina tseren ya kusa kai gargara, kuma ma'aunin da ake tinƙaho da shi ba shi ne zai kai fitilar kasuwa ba.

Sunan ya samo asali ne daga wani ma'adini na tsaunukan Ural a Rasha, wanda Bajamushe Gustav Rose ya bayyana a 1839, ya raɗa masa sunan Lev Perovski. Abin da ake aiki da shi yau ba ma'adinin ba ne. Sinadarai ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda ƙwayoyin zarrarsu ke jeruwa irin tasa: dalma, da aidin ko bromin ko kulorin, da sisiyom ko makamancinsa.

Dalilin rububinsu a fili yake. Sinadarin galiyom naitaraid, wanda ya ba duniya shuɗiyar LED har Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014, sai da zafi wajen digiri 1,000 da injina masu tsadar gaske ake samar da shi. Ferobiskait kuwa narkar da shi ake yi kamar tawada, a shafa a gilashi, a busar a zafin da bai wuce na tafasar ruwa da yawa ba. Launinsa ma a hannun mai haɗawa yake: aidin ya ba da ja, bromin kore, a ƙara kulorin a karkata zuwa shuɗi. Kuma launin tsantsa ne, irin wanda masu ƙera allon waya da talabijin ke nema ruwa a jallo.

Ma'aunin da ake gasa a kansa shi ne: cikin kowane elektron ɗari da aka tura, ƙwayoyin haske nawa suka fito waje? A 2014, lokacin da tawagar Richard Friend ta Jami'ar Kambrij ta nuna fitilar tana ci a zafin ɗaki, ko ɗaya ba ta cika ba. A 2015 tawagar Tae-Woo Lee a Koriya ta Kudu ta kai 8.5, ta hanyar ƙanƙanta ƙwayoyin sinadarin don elektron ya yi saurin haɗuwa da gurbin da yake nema. A 2018 tawagogi biyu a ƙasar Sin, ɗaya a Jami'ar Huaqiao ɗaya a Nanjing, suka haura 20. Dabarar ta Nanjing ta fi burge ni: wani sinadarin amino da suka zuba ya toshe kurakuran da ke haɗiye makamashi a gefen ƙwayoyin, kuma ƙwayoyin suka tsaya a rarrabe, abin da ya ba hasken da kan maƙale a ciki ƙofar fita. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. A 2022 tawagar Lee ta kai 28.9 a koren haske.

Daga nan ƙarin da ya rage kaɗan ne, domin yawancin asarar ta hasken da ke maƙalewa ce tsakanin shimfiɗun na'urar.

Babbar matsalar ita ce taushin sinadarin, wato abin da ya sa yake da sauƙin sarrafawa tun farko. Ƙwayoyin bromin da aidin ba su da riƙo mai ƙarfi a gurabensu. Kaurin shimfiɗar da ke ba da haske 'yan gomomin nanomita ne kawai, saboda haka bolt biyu ko uku sun isa su ingiza ƙwayoyin su yi ƙaura, su bar ramuka, su je su ci ƙarfen da ke kawo wuta. Zafin da fitilar ke haifarwa yana ƙara musu gudu. A shuɗiya abin ya fi muni: bromin da kulorin da aka gauraya sukan ware, sai launin ya sulale zuwa kore tana cikin ci. Yawancin shuɗaɗɗun da aka ruwaito, mintuna ko sa'o'i kaɗan suke yi haskensu ya ragu da rabi. Allo kuwa ba ya yiwuwa sai da launuka ukun.

Ita kanta fitilar 2022 ɗin, haskenta ya ragu da rabi bayan awa 520 a hasken kandela 1,000 kan kowace murabba'in mita. Kwana 22 ke nan, alhali LED ta kasuwa tana yin dubunnan awowi. An ambaci awa 30,000 a haske mai rauni, amma wannan lissafi ne aka yi, ba a zauna an jira ba. Mai karatu ya riƙa bambance biyun. A shekarar ce kuma tawagar Di Dawei ta Jami'ar Zhejiang ta kunna tata wata biyar ba ta dushe ba, bayan ta dasa wani sinadari a iyakokin ƙwayoyin da ke tare hanyar ƙaura. A wurina wannan ya fi duk tarihin da aka kafa nauyi, ko da yake haskenta na ƙasa da ja ne, wanda ido ba ya gani.

Sai batun dalma. Gaskiya ne abin da ke cikin shimfiɗa ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma irin wadda ke narkewa a ruwa ce, kuma dokar Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki zuwa kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kowane sinadari. Mu da muka ga gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma tsofaffin wayoyi ke ƙarewa a bololinmu, muna da haƙƙin tambayar inda allon zai kwana bayan ya mutu. An gwada kuza a madadin dalma, sai dai iska na saurin lalata ta, kuma haskenta bai kai ba tukuna.

Abin da nake so mujallu su wajabta wa kowace tawaga shi ne ta faɗi awowin da fitilarta ta yi a zahiri, a wane ƙarfin haske, a wane zafi da laima, kuma na'urori nawa aka gwada. Yawancin gwaje-gwajen a zafin ɗaki ake yin su, wajen digiri 25, sau da yawa cikin akwatin da aka cire wa iska da danshi. A Sakkwato zafin watan Afrilu yakan haura 40.