An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Mai Juna Biyu da Zaƙin da Ba na Sukari Ba

Ƙanwata tana da cikin wata shida lokacin da saƙon muryar nan ya faɗo zauren WhatsApp na matan danginmu. Wata baiwar Allah ce, ba suna ba unguwa, tana ta rantsuwa wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar lemon gwangwani marar sukari yana sa ciwon daji, kuma duk mai cikin da ta sha, guba ta ɗura wa ɗanta. Kafin la'asar sai ga kiranta, murya na rawa: "Yaya, na sha guda biyu wancan satin a gidan biki. Yanzu ya zan yi?" Ina cikin lallashinta na ji tana kurɓar wani abu. Na ce me kike sha? Ta ce zoɓo ne mai sanyi, yaro ta aika bakin layi ya sayo mata, don ita ta yi sallama da kayan kamfani.

Wannan zoɓon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Jita-jitar tana da tushe, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya asfatem, sinadarin da ke zaƙaƙa yawancin irin waɗannan lemuka, a rukunin 2B: abin da mai yiwuwa ne ya jawo ciwon daji, amma hujjar ba ta da ƙarfi. A rana guda wani kwamitin, JECFA, wanda aikinsa shi ne auna abin da ake zubawa a abinci, ya ce bai ga dalilin taɓa iyakar da ya daɗe da sanyawa ba: miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum a kowace rana. Mai saƙon murya ta ɗauki na farko ta yar da na biyu.

Tambayoyi biyu ne daban. Ɗaya yana tambaya ko maciji na sara, ɗayan yana tambaya ko akwai maciji a ɗakinki, kuma nawa ne. Rukunan IARC ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin shaida suke aunawa. Shi ya sa hasken rana yake rukuni na 1 tare da taba sigari, ba wanda kuma ya daina zuwa gona saboda haka. Ruwan ganyen alobera da ba a tace ba, wanda mata ke yaba wa dare da rana, yana nan a rukunin 2B ɗin tare da asfatem. Ban taɓa jin saƙon murya a kansa ba.

Ita iyakar da ake sanyawa ba bakin rami ba ce. Ana duba adadin da aka ba dabbobi bai yi musu komai ba, sannan galibi a raba shi gida ɗari. Kamar mai igiya ne da ya san tana ɗaukar buhu ɗari, amma ya ce kada a rataya mata fiye da ɗaya. Mace mai kilo 60, iyakarta ta asfatem miligiram 2,400 ce a rana. Gwangwani ɗaya na ɗauke da 200 zuwa 300. Ke nan sai ta shanye takwas zuwa goma sha biyu, yau da gobe da jibi, kafin ta taɓa layin. Biyun da ƙanwata ta sha a gidan biki ko ƙura ba su tayar ba. Shi asfatem ma ba ya isa jini a yadda aka sha shi. Hanji ne ke wargaza shi ya koma sinadaran da ake samu a nama, madara da 'ya'yan itace. Wadda aka hana shi kwata-kwata ita ce mai cutar gado da ake kira PKU, wadda jikinta ba ya iya sarrafa fenilalanin, domin taruwarsa a jininta na cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, don ita ake rubuta gargaɗin nan a jikin gwangwani.

Ba ina wanke gwangwani tas ba ne. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Denmak kan masu ciki kusan 59,000, aka ga waɗanda ke shan lemo mai zaƙin sinadari kullum sun ɗan fi haihuwar bakwaini. A 2012 aka duba mata sama da 60,000 a Nowe, aka ga abu mai kama da haka, sai dai a can har masu shan mai sukarin ma abin ya shafa. A Kanada kuma, a 2016, cikin uwaye kusan 3,000, jariran masu sha kullum sun ninka sauran yiwuwar yin ƙiba da suka cika shekara. To amma wace ce ke neman lemo marar sukari tun farko? Wadda ƙiba ta dama, ko wadda aka ce sukarinta ya hau, kuma waɗannan da kansu suna kawo haihuwa kafin lokaci. A binciken Denmak ma, mafi yawan ƙarin ya fito ne daga haihuwar da likitoci suka tayar da naƙudarta da gangan saboda wata larura. Ganin ungulu a kan mushe bai nuna ita ta kashe ba. Amma kuma ba ya wanke ta. Abin da mai hankali za ta ɗauka shi ne: jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne, mayar da shi ruwan sha kuwa ba dabara ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a watan Mayun 2023 kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba.

Yanzu mu koma bakin layi. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da ke haɗa zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, da abin take ciyar da marayun jikokinta. Na sha zama a tsakar gidanta tana aiki. Bayan ta tace zoɓon a babban bokiti, sai ta zuba sukari kaɗan don kunya, sannan ta kwance wani ɗan ƙullin leda mai farin gari kamar gishiri, ba suna ba lamba, ta ɗiba da bayan cokali ta watsa. Ta juya, ta ɗanɗana, in bai yi mata ba ta ƙara. Sakarin ke nan. Ranar da na yi mata magana dariya ta yi: "'Yar nan, in na zuba sukari zalla a bokitin nan, nawa zan sayar da gora? Wa zai saya?" Gaskiyarta. Tsadar sukari ce ta kai gidajen burodi ma ga wannan hanya, har jami'an NAFDAC suka fito a 2024 suna kokawa.

Cikin duk waɗannan sinadarai, sakarin ne likitoci suka fi ɗari-ɗari da shi ga mai ciki. Ba don tsohon zargin ciwon dajin mafitsara ba; wancan a ɓeraye aka gani a shekarun 1970, daga baya aka gane hanyar da yake bi a jikin ɓera babu ita a jikin mutum, har Amurka ta cire gargaɗin da ake rubutawa a jikin kayan da ke ɗauke da shi a 2000. Dalilin shi ne jiki ba ya narkar da sakarin. Yana shiga jini yadda yake, ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, kuma gwajin da aka yi a birai ya nuna ya fi jinkirin fita daga jikin ɗan fiye da na uwar. Iyakarsa a wurin JECFA miligiram 5 ce a kowane kilo. Ga mai kilo 60, miligiram 300 ke nan a yini, abin da bai kai maganin da ke cikin ƙwayar farasitamol ɗaya ba. Tunda ya ninka sukari zaƙi kusan sau 300, wannan ɗan mitsitsin daidai yake da sukari giram 90. Gorar lemo mai rabin lita tana da kusan giram 50. Ashe gora biyu da aka zaƙaƙa da sakarin zalla har suka kai zaƙin lemo sun isa su cika ma'aunin. Ga koko da safe, ga burodi, ga ƙanƙarar leda da rana lokacin zafi. Wuce iyakar na kwana ɗaya ba guba ba ne, na riga na faɗi yadda aka yi ta da faɗi. Damuwata ita ce na gwangwani an auna, an rubuta lambar sinadarin, E951 ko E955, a jiki, na bokiti kuwa harshen mai haɗawa ne sikelinsa.

Hukuma ta iya fitar da sanarwa a Abuja da Legas da Turanci. Ban ga ranar da aka tara masu zoɓo da kunu aka nuna musu da Hausa iya abin da bokiti ɗaya zai ɗauka ba, ko aka tilasta a riƙa sayar da sakarin a ma'auni mai rubutu. A wajen awo ma ana maganar ƙarin jini da gidan sauro, da wuya a tambayi mace me take sha don kashe ƙishi.

Sai kuma masu cewa a koma zuma, dabino da mazarƙwaila, wai su na Allah ne. Duk na Allah ne, har raken da aka yi sukarin da shi. Ga wadda ciki ya tayar wa ciwon sukari, jininta ba ya tambayar daga ina zaƙin ya fito. Ɗan ya yi girman da haihuwa za ta yi wuya, a kai ga tiyata, shi kuma sukarinsa ya faɗi bayan an haife shi: wannan haɗari ne sananne, ba mai yiwuwa ba. Ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28, daidai inda ƙanwata take a lokacin, kuma ba ta yi ba. Na ce gobe ta shirya in raka ta asibiti. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, zoɓon fa? Saura rabi." Na ce ta ɗanɗana a hankali ta gaya mini ko tana jin wani ɗaci-ɗaci kamar ta lashi ƙarfe a ƙarshen harshe bayan zaƙin ya wuce. Ta kurɓa. Ta ce ai kullum haka yake, ta ɗauka citta ce.